An ce ƙashin bakin Inna ya zaizaye, dole ne sai an ɗebo na ƙugu kafin a yi mata dashen haƙori?

Wani bawan Allah daga Mabera ya turo tambaya. Mahaifiyarshi shekararta 64, haƙoranta na ƙasa duk sun fita tun da daɗewa, a sama kuma turame biyu na gefen dama babu. Tana sa haƙoran roba amma yawo suke mata a baki, nama ya gagare ta, ko gidan biki ta je ba ta yarda ta ci abinci cikin mutane. Sun je wurin likita da maganar dashe, ya duba hoto ya ce ƙashi ya zaizaye, sai an ɗebo wani daga ƙugunta an ƙara. Inna ta ce ita kam a bar ta haka nan. Tana da ciwon suga. Yana tambaya ko akwai wata hanya.

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ƙara ma Inna lafiya da nisan kwana, kai kuma Allah ya ba ka ladan ɗawainiya. E, akwai wata hanya, kuma ga dattijuwa mai shekarunta da suga a jiki, ɗebo ƙashi daga ƙugu shi ne abu na ƙarshe da zai zo mani a rai. Ba wai likitan da kunka gani ya faɗi abin da babu ba ne, haka anka koyar da mu shekara da shekaru, in ƙashi bai isa ba a gina shi tukuna sannan a dasa. To amma aikin ya sauya sosai, yanzu abin da anka fi yi shi ne a auna ɗan abin da ya rage da kyau, a nemo dashen da zai zauna a cikinshi. Sai dai ka sani tun yanzu, duk yankan da anka rage ma majinyaci, wahalarshi kan awo da hannun likita take komawa, shi ya sa za ka ga na tsaya a kan maganar awo fiye da komi.

Ƙashin da ke riƙe haƙori don haƙorin yake wurin. Duk taunar da mutum ya yi saiwar haƙori tana ɗan jan shi tana matsa shi, wannan motsin ne ke sa jiki ya ci gaba da sabunta wurin. Ran da anka cire haƙorin sai jiki ya fara janye kayanshi. A shekarar farko kaɗai faɗin wurin yana iya raguwa da kusan rabi, kuma mafi yawan asarar a wata 3 na farko take aukuwa, daga nan sai ya ci gaba a hankali ba tsayawa. Na ƙasa ya fi na sama saurin tafiya, a masu sa haƙoran roba kusan ninki 4. Roba ba ta hana komi tunda a kan dasashi take zaune, danna shi ma take yi. In kuma a kasuwa anka cire wasu, irin masu zama da filaya da ɗan kwalban magani, sau da yawa haƙorin yana fitowa tare da ɓallin ƙashin da ke gefen leɓe, wanda da ma siriri ne, wani ko milimita 1 bai kai ba. Wallahi rabin matsalar da muke gani nan Sakkwato tun ranar cirewa anka jawo ta.

Shi dashe ƙusa ce mai zare ta ƙarfen titaniyom, a murɗa ta cikin ƙashi, ƙashin ya girma ya manne mata, sannan a ɗora haƙori a kai. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a shekarun 1950 cewa ƙashin zomo ya kama titaniyom har ba ya ciruwa, a 1965 ya sa ma mutum na farko, kuma mutumin ya rayu da abinshi shekara 40. Ƙusoshin wancan lokaci sumul suke, don haka sai da tsawo suke kamawa, milimita 10, 13, har sama. Daga nan dokar “sai dogo” ta samo asali. Na yanzu ana kankare jikinsu da yashi da asid su yi kaushi, ƙashi ya fi samun wurin kamawa, wanga shi ya buɗe ƙofar duk dabarun da zan faɗa maka.

Hoton da likita ya duba ina kyautata zaton dogon nan ne mai nuna baki duka a takarda ɗaya, OPG. Yana da amfani, amma tsayi kawai yake nunawa, shi ma da ɗan ƙari, faɗi kam ba ya nunawa ko kaɗan. Ƙashi zai iya fitowa dogo a hoton nan, ka buɗe ka tarar sirit yake ba wurin huda, wani kuma ya fito gajere alhali yana da faɗin da zai ɗauki ƙusa mai kauri. Abin da ake buƙata shi ne hoton CBCT, wanda ke yanka muƙamuƙi sala-sala a kwamfuta a auna kowane wuri da milimita. In inda kunka je ba su da injin, ku nemi takarda ku je inda yake ko da tafiyar Kano ce ko Kaduna ko Abuja, ku dawo da shi a faifai ko filashi, kar ku yarda da ɗan hoton da anka ɗauka da waya daga allo. Abin da muke nema a ciki: a ƙasa, ina babbar jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji take bi, don dole a bar milimita 2 tsakaninta da bakin ƙusa, in an taɓa ta mutum na iya zama da mataccen leɓe wata da watanni, wani ma har abada, miyau na zuba bai sani ba. A sama kuma, nawa ya rage tsakanin dasashi da kogon iskar da ke cikin kunci, wanda muke ce ma sainos. Sannan faɗi, ana son a bar aƙalla milimita 1 zuwa 2 na ƙashi a kewayen ƙusa, wato ƙusa mai kaurin milimita 4 tana son wuri mai faɗin 6 zuwa 8. Duk likitan da ya yanke hukunci a kan baki irin na Inna, ko hukuncin a dasa ko na ba za a iya ba, bai ga waɗanga lambobin ba, to hasashe ya yi.

Mu zo kan na ƙasa, don nan ne damuwarta take. Allah cikin ikonsa, gaban muƙamuƙin ƙasa, wajen haɓa, shi ne wurin da ya fi ko'ina daɗewa bai ƙare ba, ƙashin wurin tauri gare shi, kuma babbar jijiyar ba ta kai nan ba, tana fita ta wani ɗan rami a kowane gefe daidai ƙananan turame. Tsakanin ramukan nan biyu kusan kullum akan samu wurin ƙusa 2 ko da mutum ya shekara 20 ba haƙori. To ƙusa 2 ɗin nan su nake so ku fara tunani a kai. A sa su daidai inda fiƙoƙi suke a da, a bar su wata 2 zuwa 3 su kama, sai a ɗaura ma kowace ɗan kai na ƙarfe da ya leƙo saman dasashi, a cikin haƙoran robar kuma a binne maɓalli biyu masu zoben roba. Ranar da za a haɗa, dattijuwa ta ɗora haƙoran ta danna da manyan yatsu biyu, ka ji ƙas ƙas, sai ka ga ta tsaya, ta tura da harshe ta ji ba su motsa ba, ta sake turawa, yawanci abin da suke fara tambaya shi ne to yaya zan cire. Ka nuna mata inda za ta sa farce ta ɗaga. Da dare ta cire ta wanke ta goge kawunan ƙarfen da buroshi, da safe ta mayar. Tun 2002 ƙwararru sunka zauna a jami'ar McGill ta Kanada sunka ce ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa, wanga shi ya kamata ya zama zaɓin farko, ba roba zalla ba. Allurar kashe zafi irin ta cire haƙori ta isa, ba barci ba kwanciya asibiti, aikin ba ya wuce awa ɗaya a hannun wanda ya saba. Zoben robar yana lalacewa, a sauya shi bayan shekara ko ƙasa da haka, minti 5 ne, ba tsada.

In wurin ya yi siriri, akwai siraran ƙusoshi, milimita 3 zuwa 3.5, wasu kamfanoni suna gauraya titaniyom da zirkoniyom don su ƙara masu ƙarfi. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsi da ba su kai milimita 3 ba, akan sa 4 a jere a gaba su riƙe roba, wani lokaci a ranar ma a ɗora. Don riƙe haƙoran roba na tsofaffi ina son su. Amma in wani ya ce zai ɗora turmi a kan ɗaya daga cikinsu, ku ce mashi mun gode, karyewa za ta yi.

Wata kila Inna ta ce ita ba ta son abin cirewa, tana son na dindindin. Nan ne ake maganar ƙusa 4, dabarar da likita Paulo Maló na Fotugal ya yi fice da ita, sunka buga sakamakonta a 2003. Biyu a miƙe a gaba, biyu na baya a karkace su digiri 30 zuwa 45 su kauce ma jijiya, kawunansu su fito can baya, a ɗaura gadar haƙora 10 zuwa 12 a kai da sukuru. Tana aiki ƙwarai kuma ba a taɓa ƙugu. Sai dai kuɗinta ya ninka, tsaftace ƙarƙashin gadar sai mai ido da haƙuri, in wani abu ya ɓalle kuma sai likita. Ga tsohuwa mai suga da idonta ya fara rauni, abin da za ta cire ta wanke a hannu ya fi mani kwanciyar hankali, in tawa ce shi zan zaɓa mata.

Sai gajerun ƙusoshi, milimita 6, akwai ma na 4. Mutane suna jin gajere sai su ɗauka na maneji ne. Duba turken da ake ɗaure rago, in ya fizga bakin ramin ne ke jin jiki, can ƙasan turken bai ma san ana yi ba. Haka nauyin tauna, a 'yan milimitocin farko na ƙusa yake sauka, don haka in ta riga ta kama, ƙarin tsawo ba wani abu mai yawa yake ƙarawa ba. A 2018 ƙungiyar ƙwararrun dashen haƙori ta duniya mai suna ITI ta tattara binciken da anka yi, gajeru masu milimita 6 zuwa ƙasa kimanin 96 cikin 100 suna nan bayan shekara 1 zuwa 5, dogaye 98 cikin 100. Bambancin yana nan amma kaɗan ne, kuma waɗanda anka yi ma ƙarin ƙashi don a sa masu dogaye sun fi samun kumburi da ciwo da matsalar tiyata. Inda gajere ke da rauni shi ne ba shi da rara. Ƙusa mai milimita 12 in ciwon dasashi ya ci 2 tana nan daram, mai 6 kuwa kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Shi ya sa in za a sa biyu kusa da juna akan haɗe haƙoran su zama ɗaya su raba nauyi, kuma mai cizon haƙora cikin barci ko wanda ba ya rabuwa da goro da rake ana taka-tsantsan da shi.

Yanzu na sama. Ƙashin baya na sama laushi gare shi, kuma ciwo biyu ke cin shi, yana zaizayewa ta baki, kogon sainos kuma yana faɗaɗa yana saukowa ta sama, har wani ya rage milimita 2 ko 3. Tsohuwar hanya ita ce a buɗe taga a gefen kunci ta cikin baki, a ɗaga fatar da ke shimfiɗe cikin kogon, a cika da garin ƙashi, a jira wata 6 ko fiye. Har yanzu ana yi in abin da ya rage bai kai milimita 4 ba. Amma in akwai 5 zuwa sama, ta ramin ƙusar kanshi ake bi, dabarar da wani likita mai suna Summers ya fito da ita a 1994. A yi allura, majinyaci na zaune ido biyu, a huda kamar kullum amma a tsaya saura kamar milimita 1 a faɗa kogon. Sai a zura wani ɗan sandan ƙarfe a riƙa ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma a hankali, mutum yana jin ƙwas ƙwas har tsakar kanshi, ba zafi amma ba daɗi, shi ya sa nake gaya masu tun ba a fara ba kar su zabura. Can sai ka ji sautin ya sauya ya yi taushi, ɓallin ya ɗaga sama ke nan da fatar a kanshi. Sai in ce a toshe hanci a ɗan hura kaɗan, in ba kumfa ba iska a ramin to fata ba ta yage ba, a murɗa ƙusa a rufe. Milimita 2 zuwa 4 ake samu ta nan, jini ya cika wurin ya zama ƙashi, da gari ko ba gari. Yanzu akwai bakin diril, wato injin huda, da ke juyawa baya-baya yana danne ƙashi maimakon ya kwashe shi, akwai masu tura fatar da ruwan gishiri, duk don a huta da guduma, don wasu kan yi jiri na 'yan kwanaki bayanta.

Wanda anka taɓa ma sainos, sati 2 ba fyace majina, atishawa da baki buɗe, ba zuƙa da tsinke. Wurin alwala ma a shaƙa ruwa sama-sama a share, kar a ja da ƙarfi a fyato. Kuma ba na son yin aikin nan ga mai mura, lokacin hunturu da ƙurar nan tamu sai a jira hanci ya washe.

Amma tsakani da Allah, turame biyun nan na Inna ni ban ga dole a mayar da su ba. In sauran na sama lafiya suke har zuwa ƙananan turame, sun ishe ta tauna, an daɗe da sanin haƙora 20 masu haɗuwa da juna suna isar mutum. Kuɗin da za a kashe a can a kashe shi ƙasa inda rayuwarta za ta sauya.

Akwai wasu dabarun da za ku ji an ambata. Tsaga ƙashi, in yana da tsayi amma faɗinshi milimita 3 zuwa 4 ne, a tsaga shi ta tsakiya da wuƙar da ke aiki da girgiza wadda ba ta yanka nama, a buɗa shi a hankali a sa ƙusa a tsakani, ya fi yiwuwa a sama inda ƙashi ke lanƙwasa. Da kuma dogayen ƙusoshi masu milimita 30 zuwa 50 da ake kai wa har ƙashin kumatu ga wanda na samanshi ya ƙare ƙaf. Ana tallar wannan a matsayin “ba ƙarin ƙashi”, gaskiya ne, amma babban aiki ne da ke wucewa kusa da ido, na ƙwararrun tiyatar fuska da muƙamuƙi ne, ba na kowane kilinik ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne tallar “dashe ba yanka ba ɗinki” da ke yawo a Facebook da TikTok. E ana yi, a huda dasashi da ɗan zobe a sa ƙusa ta nan, kumburi kaɗan ne, mutum ya koma gida kamar ba a yi komi ba. Amma likita ba ya ganin ƙashin, kuma ga wanda ƙashinshi ya yi ƙaranci ganin ne ya fi buƙata. In za a yi haka dole a tsara a kwamfuta da hoton CBCT, a buga wata roba da ke zama a baki mai ramuka tana nuna ma diril hanya, ita ma tana iya kaucewa da milimita 1 ko fiye, dalilin barin ratar milimita 2 ke nan. In ba wannan robar, to ɗan yanka na santimita 2 da ɗinki 3 ya fi aminci nesa ba kusa ba. A haɓa musamman, in diril ya ɓulla ta gefen harshe akwai jijiyoyin jini a ƙasan baki, zubar jini a nan na iya ɗaga harshe ya toshe numfashi. Ba kasafai ba ne, amma ka ga abin da ya sa ba na wasa da shi. Ku tambayi likita kai tsaye, za ka buɗe ka gani ne ko da robar jagora za ka yi? In ya ce hannunshi ya saba ba ya buƙatar ko ɗaya, ku nemi wani.

Ko da ba a je ƙugu ba, wata kila a ce za a ɗan zuba garin ƙashi a gefen ƙusa a rufe da wata 'yar fata, wannan ƙaramin abu ne, a zama ɗaya ake yi. Abin da ba a cika gaya ma mutanenmu ba shi ne daga ina kayan sunka fito. Garin da ya fi shahara a duniya, Bio-Oss, na saniya ne, amma fatar da ake yawan haɗa shi da ita, Bio-Gide, daga alade take. Akwai na mutum da anka sarrafa, akwai kuma wanda anka haɗa a masana'anta daga sinadaran kalsiyom ba dabba a ciki, akwai kankaro ɗan naka daga nan cikin baki kusa da wurin. Ku tambaya a nuna maku kwali, haƙƙinku ne. Hukuncin na malamai ne, nawa dai in gaya maku akwai zaɓi. Shi kuma jinin da ake ɗiba a hannu a juya a inji a sa a wurin, PRF, yana taimaka ma nama ya warke, amma shi kaɗai ba ya gina ƙashin da babu.

Ƙugu yana da ranarshi fa, kar a ce na kushe shi. Wanda anka yanke ma muƙamuƙi saboda ƙari, wanda harsashi ko haɗarin kabu-kabu ya tafi da wani yanki, yaran da ciwon noma ya ci ma fuska, irin waɗanda ake yi ma aiki a Asibitin Noma da ke nan garin tun 1999, su kam ba abin da ya rage da za a lallaɓa, dole a kawo ƙashi daga ƙugu ko ƙauri. Haka in muƙamuƙin tsohuwa ya sirance har ana tsoron ya karye wurin huda. Aikin yana son allurar barci, kwanciya, ɗingishi na kwanaki ko makonni, jiran wata 4 zuwa 6, kuma wani ɓangare na abin da anka ƙara jiki yana sake shanye shi. In CBCT ya nuna Inna tana cikin waɗanga, ku je sashen tiyatar baki da fuska na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ku ji ra'ayi na biyu kafin a yanke komi.

Sugarta ita ce za ta yanke hukunci kafin ƙashi ma. Ba awon yatsa na safe nake nufi ba, wanda in tsohuwa ta san za ta asibiti sai ta kwana biyu ba ta sha koko da suga ba. Awon jini na HbA1c za a yi, mai nuna yadda anka kasance wata 2 zuwa 3. Ƙasa da 7 ba fargaba, sakamakonta kusan ɗaya da na mai lafiya. Tsakanin 7 da 8 ana yi da lura. In ya haura 8 a koma wurin likitan suga tukuna, dashe ba gaggawa ba ne. A ba ta lokacin safe, ta karya ta sha maganinta ta zo, kuma kar a sa aikin cikin azumi. Ku zuba duk magungunanta a leda ku taho da su har na gargajiya, abin da nake nema musamman shi ne maganin ƙarfafa ƙashi irin alendronate da ake sha sau ɗaya a sati, ko wanda ake sawa a ruwa ko allura duk wata 6 ko shekara, don waɗanga suna iya sa ƙashin muƙamuƙi ya ƙi warkewa ya mutu. Haka wanda anka gasa ma ciwon daji da hasken inji a kai ko wuya. Aspirin da sauran masu tsinka jini kar ku tsayar da kanku, likitanta zai faɗa. Sannan haƙoranta na sama a wanke su a magance dasashi kafin a taɓa ƙasa, ƙwayoyin cutar da ke can su ne za su sauko kan ƙusa. Kusan mutum 1 cikin 5 masu dashe suna samun irin wanga ciwon dasashi a kewayen ƙusa in shekaru sunka tafi, kuma ba ya zafi sai ya yi nisa, don haka zuwa dubawa duk wata 6 yana cikin kuɗin aikin, ku lissafa da shi.

Bayan aiki, ranar farko ba kurkure baki, washegari a fara ruwan ɗumi da gishiri a hankali. Kunu, fura da nono ba suga, fate, tuwo mai laushi da miyar kuka, ƙwai, kifi. Tsohuwar robarta ko dai a ajiye ta sati 2 ko likita ya rarake cikinta ya sa mata abu mai laushi, don in tana danna ƙusa tana motsa ta ƙashi ba zai kama ba, nama ne zai kewaye ta. Kilishi da aya sai an ce mata to.

Na san wani cikin dangi zai ce a kai ta Masar ko Indiya ko Turkiyya, ko a haɗa da Umra. Akwai gwanaye a can ba musu, amma aikin nan zuwa biyu ne ko uku da wata 3 a tsakani, sannan gyare-gyare na shekaru. Kamfanonin dashe sun kai ɗaruruwa kuma kowane da irin sukurunshi da makullinshi, mutum ya dawo sukuru ya kwance ko zoben roba ya cinye, mu buɗe mu ga ba mu san kamfanin ba balle mu samo kayanshi, abin minti 10 ya koma neman biza. Ko nan gida kunka yi ko waje, kar ku bar wurin sai an ba ku takarda mai sunan kamfani, kauri da tsayin kowace ƙusa, wurin da anka sa ta da lambar kwalinta, yawanci 'yar sitika ce ake ɓarewa a liƙa. Kafin a sa ma ku tambaya ko kamfanin yana da wakili a Najeriya. Ku ɗauki hoton takardar a waya ku tura ma mutum biyu cikin gida. In kun yi CBCT da HbA1c ɗin, ka turo lambobin ba sunanta ba, tsayi da faɗin gaban muƙamuƙin ƙasa nake son gani tukuna.